Keke, Gujiya da Ƙuri'a

A littattafan tarihin da muke koyarwa a aji akwai sarakuna, akwai gwamnoni, akwai ranakun juyin mulki, amma babu keke. Ni kuwa a ganina duk wanda ya bi sawun tayar keke a kudancin Nijar, daga shekarun 1930 zuwa yau, zai gane abubuwa da yawa game da kuɗin talaka: inda suke fitowa, wanda yake yanka musu daraja, da abin da ake kwaɗaita masa ya saya da su. Ƴan'uwa malamai da iyaye, zancen ya shafe mu kai tsaye, domin mu ne muka hau keken nan muka sauka, kuma ƴaƴanmu ne yau suke tafiya lakwal a ƙasa.

Keken da muka sani, mai taya biyu daidai wa daida da sarƙa a baya, an fito da shi ne a garin Coventry na Ingila a 1885. Bayan shekara uku Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Mu kuwa gujiya ce ta kawo mana shi. Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da bakin teku a 1912, daga baya aka ja layin zuwa Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, wato har gindin iyakarmu. Nasara yana son mai a masana'antunsa, kuma ya ɗora wa kowane baligi lanho da ba a biya da hatsi ko tunkiya, sai da tamma. Manomi a Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram ya duba abin da zai shuka ya samu tsabar kuɗi, sai ya ga gujiya. Haka gonakin Tasawa da Magarya da Matamai suka koma yi wa kasuwar Turai aiki.

Kamfanonin da ke awon gujiyar, irin su CFAO da SCOA da Compagnie du Niger Français, su ne kuma masu kantunan. Wannan shi ne sirrin cinikin. A ƙofa ɗaya a auna buhunka a ba ka kuɗi, a ɗaya ƙofar ga atamfa, ga sukari, ga kwanonin sha, ga fitilar ƙwai, ga keken ɗinki, ga keken hawa an jingine shi yana walƙiya. Kuɗin ba su cika kwana a aljihu ba. Tsofaffi suna faɗin yadda ake kasafta su: lanho tukuna, don kada dogari ya zo, sai suturar iyali, sai aure in akwai saurayi a gida, in damina ta yi kyau shekara biyu ko uku a jere, sannan a fara zancen keke.

Akwai abin da ya kamata ɗalibanmu su lura da shi a nan. Mulkin Faransa ne a kanmu, amma keken da ya shiga zuciyar mutane na Ingila ne, Raleigh, wanda bakinmu ya mayar Rali. Faransa tana da nata, Peugeot, kuma ma'aikatan gwamnati sun hau shi. Sai dai daga Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, zuwa Kano kuwa bai kai 300 ba, kuma can kayan gyara suke, can makanikai suka koyo sana'a. Shi ya sa har yau kusan duk sunayen sassan keke daga bakin Ingilishi muka karɓe su, feda, birki, kariya, taya, faci, alhali lakwal da mushe da lanho daga Faransanci suka zo. Turawan mulki sun ga wannan jan da Kano take yi, har a shekarun 1950 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Opération Hirondelle domin karkata gujiyar Nijar ta bi ta Parakou zuwa Kwatano. An karkata buhuna, amma mai neman sarƙar keke bai fasa bin hanyar Jibiya ba.

Kafin keke, abin hawan daraja doki ne, doki kuwa na sarauta ne da attajirai. Talaka yana da jaki da ƙafarsa. Keke ne abin hawa na farko da ɗan talaka zai saya da guminsa, ya wuce ta ƙofar fada a kansa, ba ya buƙatar dawa, ba ya buƙatar bara mai yankan ciyawa. Ba mamaki da aka kira shi dokin ƙarfe, aka kuma yi masa ado irin na doki: a naɗe ƙarfen da roba mai launi, a sa madubi biyu, a rataya tuntaye, a shimfiɗa wa sirdi kilishi. Malamin makaranta, malamin asibiti, tafinta, mai awon gujiya, su ne suka fara. Daga nan masu haya suka buɗe rumfuna, yaro ya ba da ƴan sulalla a ba shi keke na ɗan lokaci, ya koya da ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sandar tsakiya domin bai kai sirdi ba. Yawancinmu haka muka koya, kuma tabon yana nan a gwiwa.

Siyasa ta tarar da keke a hanya, ta hau. A 1954 Jibo Bakari ya kafa jam'iyyar UDN, wadda mutane suka fi sani da Sawaba, bayan ya rabu da PPN-RDA ta Jori Hamani da Bubu Hama. Dukansu ukun malaman makaranta ne, haka ma Malam Aminu Kano na NEPU a ƙetaren iyaka, kuma wannan abu ne da ya kamata mu riƙa tunawa in ana ce mana malami ba ruwansa da siyasa. Ƙarfin Sawaba yana wurin ƙananan ma'aikata da masu sana'ar birni: direbobi da yaran mota, teloli, ƴan ƙwadago, ƴan tebur, masu gyaran keke. Mutane ne da kullum suke kan hanya. A zamanin da rediyo sai gidan wane da wane, jarida kuma da Faransanci, labari yana tafiya ne a bakin mutum. Mai keke zai ci kasuwar ƙauye uku a mako, ya kwana gidan aboki, ya bar katin jam'iyya, ya juyo kafin mai gari ya aika wa kwamanda. Rumfar mai faci kuwa majalisa ce: kowa sai ya tsaya, kuma yayin da ake jiran gam ya bushe dole a yi hira.

A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a'a ga tayin Janar de Gaulle, kamar yadda Gine ta yi. Sabon gwamna, Colombani, ya zo da motocin gwamnati da kuɗi da goyon bayan yawancin sarakuna. Aka ce i ta yi rinjaye, Jibo ya sauka, a 1959 aka haramta jam'iyyar. In ana son a taƙaita wannan zaɓe ga ɗan aji shida, ana iya ce masa mota ce ta kara da keke. Ba shi ne dukan labarin ba, amma yaro zai riƙe shi.

Bayan samun mulkin kai a 3 ga Agusta 1960, gwamnati ta karɓe awo daga hannun kamfanoni. A 1962 aka kafa SONARA domin sayen gujiya da fitar da ita, da Copro-Niger domin shigo da kayan masarufi. A lokacin gujiya ita ce fiye da rabin abin da ƙasar take sayarwa waje, wato albashin minista da na mushe duk daga gonar manomi suke fitowa. Gwamnati ce ke yanka farashi kowace kaka, ita ma Nijeriya tana da hukumarta mai yanka nata. Duk shekarar da farashin can ya fi, buhuna su gangara kudu. In na nan ya fi, su hauro arewa. Wa ke ɗaukar su? Jaki da raƙumi da keke. Keke ba ya kuka, ba ya barin kashi a hanya, yana bin ƴar siririyar turba tsakanin gonaki inda motar duwan ba ta shiga. A ɗaure buhu a kariya, wani a tsakiya, mutum ya tura da hannu in yashi ya yi yawa. A takarda sunan wannan fasa-ƙwauri. A wurin manomin da aka raba shi da kasuwar kakanninsa da layin da bai gani ba, neman farashi ne kawai. Manyan alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, da yawansu daga awon gujiya suka taso, yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya buɗe musu wata ƙofar, suka koma manyan motoci. Ƙananan suka ci gaba da taka feda.

Daga nan abubuwa suka rushe da sauri. Farin 1973, juyin mulkin Seyni Kunce a 15 ga Afrilu 1974, sai cutar da ta cinye gujiya a 1975. Manomi ya koma gero da wake. Kuɗin ƙasa suka tashi daga gonakin kudu suka koma ramukan yuraniyom na Arlit, wato daga hannun mutum dubu ɗaruruwa zuwa asusun gwamnati da albashin ma'aikatanta. A nan ne, a ganina, darajar keke ta fara zubewa. Ma'aikaci ya sayi mobilet, wanda ya fi shi ya sayi Yamaha ko Honda. A Nijeriya ma ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya cika titunan Kano da Katsina da babura, samarinmu masu zuwa cin rani suka gani suka dawo da labari. Keke bai canza ba, yana nan da ƙarfinsa. Abin da ya canza shi ne wanda ake gani a kansa: mai gadi, mai tallan kalanzir, ɗan ƙauye mai kawo kaji. Budurwar da uwarta ta yi alfahari da saurayi mai Rali, ita sai mai inji.

Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun tarar da keken Sin, Phoenix, baƙi mai birkin sanda, kwaikwayon Rali amma da sauƙin kuɗi. Buhari ya rufe iyaka a 1984, ba a buɗe ba sai 1986, turbobin cikin gonaki suka sake raya. Da naira ta fara faɗuwa daga 1986, mai sefa ya zama sarki a kasuwar Jibiya da ta Mai'aduwa da ta Illela: taya, tiyub, sabulu, bokitin roba, duk arha. Masana'antunmu ƴan kaɗan na Maraɗi ba su iya wannan gasa ba, amma mai saye bai yi kuka ba, kuma ba na ganin laifinsa.

Sai Janairun 1994. A Dakar aka tara shugabannin ƙasashe masu sefa, aka karya darajarta da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da take sefa 50 ta koma sefa 100. Ina kwaleji a lokacin. Abin da na riƙe shi ne mai facin unguwarmu ya daina yar da tsohon tiyub, yana yanka shi ƙanana yana liƙe wani da shi, har ka ga tiyub ɗin da facinsa ya fi jikinsa yawa. Malamanmu kuwa ana bin gwamnati albashin watanni, yajin aiki ya ƙi ƙarewa, mobilet da yawa suka koma zaure aka lulluɓe su da tsohuwar tabarma. Mushe ya dawo kan keke, wandonsa ɗaure da roba a idon sawu. Ba wanda ya tambayi mai facin nan ko malamin nan kafin a sa hannu a Dakar, amma a rumfar ɗaya da tukunyar ɗayan aka biya.

Shekarun nan ne kuma na dimokuraɗiyya, bayan babban taron ƙasa na 1991 da zaɓen 1993. Yaƙin neman zaɓe ya zo da nasa kayan: atamfa mai hoton ɗan takara, riga, hula, shayi da sukari na fadar samari. Ɗan Sawaba na 1957 da kekensa yake zuwa taro, har ya biya kuɗin kati daga aljihunsa. Jikansa kuwa sai an zuba masa mai. Ban faɗi haka don zagin yaran ba. Wanda ba shi da aiki, ranar gangami ranar samu ce. Amma jam'iyyar da magoya bayanta suke zuwa da ƙafarsu dole ta saurare su, wadda take sayen zuwansu kuwa ta riga ta biya, ba a bin ta komai bayan zaɓe. Da baburan Sin suka cika kasuwa a shekarun 2000, Kasea da ire-irensa, sai babur ya zama babbar kyautar siyasa: shugaban matasa na unguwa, mai shela, mai tara mata, kowa yana jiran nasa.

Babur ya yi amfani, kada a ce na hana. Ya kai mai naƙuda asibiti da dare, ya ba dubban samari sana'ar kabu-kabu, ya sa malamin ƙauye yana iya kwana da iyalinsa ranar Juma'a. Amma ya zo da abin da keke bai taɓa nema ba, wato ciyarwa ta kullum. Shekara da shekaru wannan ciyarwa ta yi sauƙi saboda gwamnatin Nijeriya tana tallafa wa man fetur, ƴan ruwa-ruwa suna hauro da shi a jarka suna sayarwa a kwalba bakin titi. Ko bayan da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011, man kwalba bai ɓace ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Bayan wata biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi, iyakoki suka rufe, hanyar Kwatano ta toshe. A 2025 kuma mun ga layin mai a gidajen mai na ƙasar da ke haƙo nata man. Duk malamin da ya ci bashin banki ya sayi babur, ana cire masa kowane wata, ya san lissafin da ya yi a waɗannan watanni. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, amma na babur yana da ƙari: ka biya kuɗinsa, ka kuma biya kuɗin motsa shi.

A Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a 2020, hukuma ta hana hawan babur saboda ƴan bindiga da shi suke kai hari. Manomi da malami da mai jinya su ma dokar ta hau kansu. Abin hawan da aka raina shi ne ya rage a hannun mutane.

Yanzu ga inda zancen ya dawo kanmu. An gina kwaleji a manyan ƙauyuka da yawa, abin a yaba, amma kowace kwaleji tana ɗibar yara daga ƙauyuka biyar ko goma na kewaye. Yaron da ya gama CM2 a ƙauyen da ke kilomita bakwai yana da zaɓi uku: ya taka sau biyu a rana, a nema masa mai masauki a garin, ko ya bari. Kilomita bakwai a ƙasa awa ɗaya da rabi ne ga yaro, a keke rabin awa in hanya ba yashi. Na koyar da irin waɗannan yara. Suna isowa an ci rabin darasin farko, ƙafa fari fat da ƙura, zuwa ƙarfe goma sha ɗaya kai ya kife a tebur. A rajista muna rubuta makara, a ƙarshen shekara mu rubuta ya kasa, alhali hanya ce ta cinye shi.

Na ƴaƴa mata ya fi tsanani. Uba ba ya son ƴarsa ta kwana gidan wani, ba ya son ta bi daji ita kaɗai da asuba, kuma yana da gaskiya a duka biyun. Sai a cire ta, sai kuma aure. In ka kawo zancen keke a taron iyaye, wani zai ce mace a kan keke ba tarbiyyarmu ba ce. Amma wannan uban da kansa yana biyan kabu-kabu ya ɗauki ƴar tasa, tana zaune bayan saurayin da bai san ko ɗan wa ba ne. A Wagadugu, maƙwabtanmu, tsohuwa da zanenta take tuƙa keke zuwa kasuwa da kwandon tumatir, kuma yawancinsu Musulmi ne kamar mu; ƙasar da tun 1987 take tseren Tour du Faso, mutane suna fitowa bakin hanya suna kallo. Yanzu ma akwai keken da ba shi da sandar tsakiya, yarinya da hijabinta da dogon siket tana hawa ba tare da komai ya bayyana ba. A cikin Maraɗi da Damagaram an fara ganinsu jefi-jefi. A ƙauye ne, inda aka fi buƙata, ake jin kunya.

Zancen tsada kuma ina karɓarsa daga wanda da gaske ba shi da shi, kuma suna da yawa. Ba na karɓarsa daga gidan da aka saya wa ɗan shekara goma sha huɗu wayar shafa, ko aka miƙa masa makullin babur yana yawo ba hular kwano, ba takarda. Keken gwanjo mai kyau ba ya wuce kuɗin irin wayar nan, kuma zai yi wa yaya, ya yi wa ƙane. Abin da ya sa ba a saye shi ne abin da ya sa ni ma abokan aikina suke tambayata ko lafiya duk ranar da na zo a kan nawa: mun yarda cewa keke shaidar rashi ce. Wannan ra'ayi bai girmi shekara hamsin ba, kuma mun ga inda ya fito. Abin dariya, sunan bai mutu ba: mai ƙafa ukun nan da ya cika titunanmu, adaidaita, a Nijeriya keke ake ce masa.

Su ma masu mulkin garuruwa suna da nasu kason. Ana shimfiɗa kwalta a manyan birane, musamman lokacin bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su jiha jiha, amma ba a bar wa mai keke ko taku biyu a gefe ba. Gefen ma yashi ya cinye, ƴan tebur sun mamaye sauran. Uwar da ta hana ɗanta hawa keke a babban titi ba ta yi kuskure ba. Ban taɓa jin ɗan takarar magajin gari ya yi alkawarin share gefen titi domin ƴan lakwal ba, kuma ban taɓa jin mun tambaye shi ba.

A makarantar da nake, kwamitin iyaye ya yi abu uku da bai kai kuɗin ragon suna ba: rumfar zana a inuwar bedi inda mai gadi yake gani, famfo ɗaya ɗaure da sarƙa, da akwatin faci a ofishin darakta. Wani tsohon mai gyara yana zuwa ranar Laraba da yamma yana nuna wa yara yadda ake cire taya da ɗaure birki, mata da maza. Shawarar da ya ba iyaye ita ce kada a ruɗu da keken gwanjo mai giya da yawa, domin in haƙoransa suka cinye ba a samun irinsu a kasuwar ƙauye. A nemi mai giya ɗaya, mai faɗin taya saboda yashi da ƙaya, mai kariya mai ƙarfi, domin ƙane zai hau baya.